Numfashin Bayan Katako

Ranar Litinin ɗin da masu taksi da masu benskin, wato 'yan acaɓa, suka ajiye aiki a Douala, ƙarshen Fabrairun 2008, Nuriyya ta ɗauki kwando ta fita sayen kifi. Tana da cikin wata biyar. Mijinta Abdulsalami direban babbar mota ne, ya tafi Kousseri da lodin shinkafa tun ranar Alhamis, ya bar ta a ɗakinsu na haya a unguwar Hausawa ta New Bell. An yi ta maganar yajin aiki tun ƙarshen mako, amma ita a tunaninta abin na masu mota ne, bai shafi mai sayen kifi ba.

Ba ta kai kasuwa ba. A bakin babban titi ta tarar an jera tayoyi ana ƙonawa, samari sun cika hanya. Kafin ta juya sai ta ji wata ƙara, farin hayaƙi ya taso, jama'a suka yo kanta da gudu. Ta manne da ƙofar wani butik, ɗan shago, da aka rufe, hannuwanta biyu a kan cikinta, mutane suna wucewa suna bugun kafaɗarta. Hayaƙin ya shiga idonta da maƙogwaronta. Ba ta san yadda ta komo gida ba. Ta dai komo babu kwando, da takalmi a ƙafa ɗaya.

Gidan da suke haya na Baffa Ɓoɓɓo ne, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da barin sana'ar shanu. Ɗakuna shida ne a jere, duk na katako, irin wanda ake cewa karabot, suna fuskantar wani siririn tsakar gida mai rijiya. A ɗaki na ƙarshe, kusa da rijiyar, Goggo Asibi take. Ita ke karɓar haihuwa a unguwar, ita ce kuma ake kira idan mace ta rasu ta zo ta yi mata wanka. A bakin ƙofarta Nuriyya ta zube.

Goggo ta ja ta ciki, ta wanke mata ido da ruwan randa. Raɗaɗin hayaƙin ya lafa, amma numfashi ya ƙi dawowa daidai. Nuriyya tana ja tana ja, iska ba ta wuce maƙogwaro. Yatsunta suka sandare, leɓɓanta suka yi sanyi. Sau biyu ta yi ɓari a baya, kuma a wannan lokacin babu abin da ke kanta sai cewa na uku ne ya zo, wannan karon har da ita zai tafi.

"Goggo, mutuwa zan yi."

"Za ki mutu, amma ba yau ba," in ji Goggo Asibi. "Na ga numfashin masu tafiya, ba haka yake ba. Naki na tsoro ne. Ba ni hannunki."

Ta kama hannun ta ɗora a ƙasan cibiyar Nuriyya, ta ɗora nata a kai.

"Iskar ta cika miki ƙirji, shi ya sa ba ki da wurin sa wata. Daina ja. Fitar da ita tukuna. Ta baki, a hankali, kamar kina hura kunu a cokali ba kya son ya zube. Ci gaba. Saura. Yawwa. Yanzu rufe baki, ki bar hanci ya ɗauko, ki kai ta nan inda hannunmu yake. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tsaya kaɗan. Saki. Sakin ya fi jan tsawo, ki kai shida."

Na farko bai yiwu ba, na biyu ma haka. Goggo ba ta fasa ƙirgawa ba, da murya ɗaya, kamar mai auna hatsi. Can sai Nuriyya ta ji cikinta ya taso ya ture hannuwansu biyu, ya koma. Yatsunta suka fara saki. Ta fashe da kuka, Goggo ta bar ta ta yi.

"Zai sake zuwa," Goggo ta gaya mata da ta natsu. "In ya zo kada ki yi kokawa da shi. Ki zauna, ki jingina, ki ƙirga a gaɓoɓin yatsunki kamar tasbihi. Tunani zai zo miki, na mijinki, na cikin, na titi. Kada ki kore shi, kada kuma ki ba shi tabarma. Ki koma kan ƙirgarki. Ko bai zo ba ma, kullum bayan Azahar ki zauna ki yi, jiki ya saba."

Duk yinin ranar a ɗakin Goggo ta ƙare. Kowa a gidan ya rufe ƙofarsa ya toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tsumma saboda hayaƙin da iska ke kawowa. Babu wanda ya leƙa tsakar gida har aka kira Magariba.

Talata garin ya wayi gari shiru. A New Bell aka haifi Nuriyya, kuma ba ta taɓa sanin unguwar ba tare da hon ɗin benskin da kiɗan mashaya daga tsallaken titi da masu talla ba. Ranar duk babu. An ɗauke wuta, ladan ya kira salla da bakinsa, muryarsa ta zo siririya kamar daga wata unguwa. Tana jin kwanon rufi yana ƙas-ƙas da zafin rana. Tana jin ƙuda. Jifa-jifa sai a ji harbi daga nesa, sau biyu ko uku, shirun ya sake rufewa. Kuɗin wayarta ya ƙare, masu ba da hayar waya a bakin titi ba su fito ba, ba ta san inda Abdulsalami yake ba.

Bayan Azahar ta ji abin yana tahowa, ƙirjinta ya fara ɗaurewa. Ta zauna a kan tabarma, ta jingina bayanta da bangon katakon da ya raba ɗakinta da na maƙwabta, ta ɗora hannu a ciki. Ta fitar, ta ja, ta ƙirga. Tana ƙirgawa a hankali da baki, don ta fi jin muryar Goggo a haka. Wajen zagaye na ashirin jikinta ya yi laushi, kunnenta ya buɗe.

A nan ta ji shi. Wani yana numfashi a bayanta.

Ba da ƙarfi ba ne. Idan ta saki iska, sai wata iska ta biyo bayan tata, ta ɗan makara, da wani kaushi a ƙarshenta kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Daidai saitin ƙugunta yake fitowa, daga ƙasan katakon.

Ta ce a ranta kunnenta ne. Ta riƙe numfashinta don ta gwada. Na bayan bangon ya ja sau ɗaya, ya saki, sannan ya tsaya. Ta zauna a haka har idonta ya fara yin duhu-duhu. Da ta saki, shi ma ya saki.

Ta tashi ba ta ko nemi mayafi ba, ta fito tsakar gida. Ɗakin na wasu 'yan Najeriya biyu ne masu sayar da takalma, Jibirilla da Suhaib. Ba su fi wata takwas da zuwa ba, gaisuwa kawai ke haɗa ta da su. Ƙofarsu a rufe take, da ƙaton kwaɗo a maƙale ta waje. Tagar ma a rufe, an sa mata sakata ta ciki.

Baffa Ɓoɓɓo yana zaune a inuwar bakin ɗakinsa da rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa, ya kara shi a kunne.

"Baffa, mutanen ɗakin nan suna ciki ne?"

"Suna ciki da kwaɗo a waje?" Ya sauke rediyon. "Jiya da asuba suka fita, da idona na gan su. Sun ce za su kasuwar Grand Hangar ɗauko kaya. An ce gadar kogi ba ta ƙetaruwa, suna can tsallake a Bonabéri wurin 'yan'uwansu. Lafiya?"

"Lafiya lau. Na ji kamar motsi ne."

"Ɓeraye. Sun ji gari shiru, sun ɗauka nasu ne."

Ta je ta gaya wa Goggo Asibi. Tsohuwar ba ta yi mata dariya ba. Ta taso ta shigo ɗakin, ta durƙusa da ƙyar, ta manna kunnenta a katakon. Ta daɗe a haka. Nuriyya ma ta saurara. Babu komai sai ƙas-ƙas ɗin kwano.

"Kunnena ya yi nauyi, ba zan ce miki babu ba," in ji Goggo da ta miƙe. "Amma wanda ya fara sauraron numfashinsa yakan ji abubuwa. Jininki ma za ki ji yana tafiya. In kina tsoro ki dawo ɗakina."

Ta koma ɗakin Goggo ta kwana. Amma ɗakin ƙarami ne, cike da ƙullin magani da ƙwarya, ga zafi, don haka da gari ya waye ta dawo nata.

Laraba ta fi Talata muni. Da hantsi labari ya shigo cewa an yi mummunan abu a kan gada, kowa da irin adadin da yake faɗa. Aka ce kuma ana bin gida-gida ana kwashe samari. Matan gidan suka haɗa abin da ya rage musu, garin rogo da ɗan busasshen kifi, aka dafa a tukunya ɗaya. Ba mai magana da ƙarfi. Wata baƙar leda ta yi ta yawo a tsakar gida, iska na juya ta, ba wanda ya tashi ya ɗauke.

Bayan Azahar Nuriyya ta shimfiɗa tabarmarta a ɗaya gefen ɗakin, nesa da bangon. Ta fara ƙirga a zuci. Ba ta kai goma ba tunanin Abdulsalami ya zo mata, ta gan shi kwance a gefen hanya kusa da motarsa tana ci da wuta, ƙirjinta ya kulle gaba ɗaya. Ta fitar da iska kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga murya da ƙirgar don ta danne hoton. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Daga bangon aka ja numfashi.

Yau ya fi jiya fitowa, ko kuma kunnenta ne ya san inda zai nema. Gashin jikinta ya miƙe. Ta so ta tashi ta gudu, amma ta san in ta tashi a haka a tsakar gida za ta faɗi. Abu ɗaya ne ta iya, don haka ta ci gaba da shi. Ta ja, aka ja. Ta tsaya, aka tsaya. Ta saki, aka saki, sai dai na can ba ya kai shida, a uku yake yankewa, ya jira ta.

Ta karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ta karanta Falaƙi da Nasi. Numfashin bai tafi ba, bai kuma canza ba. Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya, da ta zauna tana tunani, shi ne yadda jikinta ya natsu. Ta yi kusan rabin awa suna ja tare suna saki tare, ita da abin da ba ta sani ba, a ɗakin da aka kulle ta waje, kuma tun ranar Litinin ba ta sami sauƙi irin na wannan rabin awar ba. Har abin cikinta ya motsa, motsi mai kyau, sau biyu.

Da ta daina ƙirga, na bangon ya rikice. Ya koma gajere, da sauri-sauri, sannan ya yi ƙasa har ta daina ji.

Ba ta gaya wa kowa ba a ranar. Ta ji kunyar a ce tsoro ya taɓa mata kai, ta kuma ji tsoron a ce mata wani abu ne ya biyo cikin.

Alhamis aka tashi da zafi mai nauyi, sama ta yi fari, babu iska ko kaɗan. Rediyon Baffa ya mutu. Bayan ta idar da Azahar, Nuriyya ta tsaya a tsakiyar ɗaki da tabarma a hannu. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta shimfiɗa ta a jikin bangon, inda ta zauna ranar farko, ta jingina.

Ta fara ƙirga da baki. Zagaye biyar, babu komai. Zagaye goma, babu komai. Ta kama kanta tana jira, har da wata damuwa. A na goma sha uku ya zo, a raunane, kaushin ya ƙaru. Ya bi ta sau huɗu ya ɓace, ya sake dawowa.

Yanzu da hankalinta yake kwance, sai ta saurare shi kamar yadda Goggo ta ce ta saurari nata, ba tare da ta ba shi suna ba. Ta lura jan yana tsayawa a tsakiya, kamar an soki mai yin sa. Ta lura akwai wani ɗan sauti kafin kowane ja, ɗan ƙaramin ƙwas, irin na harshen da ya bushe yana rabuwa da ganɗa. Ta san wannan sautin. Ta ji shi a bakin mahaifiyarta a azumin da ta yi tana jinya.

Ta juya ta kai bakinta kusa da tsagar katako. Wani wari ya bugi hancinta, mai tsami, wanda ta ɗauka na kwata ne tun jiya.

"Salamu alaikum," ta ce a hankali.

Shiru.

"In mutum ne, in kana jina, ka ja numfashi sau biyu a jere."

Ta riƙe nata. Kwanon rufi ya yi ƙas. Can sai aka ja, gajere, aka sake ja, gajere. Bayan haka wani siririn nishi ya biyo.

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, ta yafa mayafi, ta tafi wurin Baffa Ɓoɓɓo.

"Baffa, akwai mutum a ɗakin nan. A fasa kwaɗon."

"Nuriyya, ɗakin mutane ne, da kayansu a ciki. In suka dawo me zan ce musu?"

"Ku ce ni na sa. Na yi masa magana ya amsa."

"Ya amsa da me?"

"Da numfashi."

Dattijon ya dube ta, ya dubi Goggo Asibi da ta fito bakin ƙofarta. Matan gidan sun leƙo, wata ta ja ɗanta ciki ta rufe ƙofa. Goggo ta tako har gaban ɗakin, ba ta sa kunne ba wannan karon, hanci ta kai jikin ƙofar.

"Ɓoɓɓo, ɗauko taɓarya," ta ce.

Sau huɗu ya buga kafin ƙarfen ya fita daga katakon. Ƙofar ta buɗe, zafi da wari suka fito tare. Ɗakin duhu ne, buhunan takalma jibge har rufi. A ƙasa, a ɗan wurin da ya rage tsakanin buhunan da bango, Jibirilla ne kwance a gefensa, fuskarsa dab da katakon ɗakin Nuriyya. Rigarsa ta bushe da laka da jini. Leɓɓansa sun tsage. Kusa da hannunsa akwai buta a kife, babu ko ɗigo. Idanunsa a buɗe suke, amma da haske ya shigo bai ƙifta ba, har Baffa ya fara salati. Sai ƙirjinsa ya ɗaga.

Aka fito da shi a kan tabarma zuwa inuwa. Goggo ta hana a ba shi ruwa da kofi, ta riƙa ɗiga masa da cokali. Ta yaga rigar ta shafa gefen ƙirjinsa, inda ya yi baƙi ya kumbura, ta ce haƙarƙari ne, ba ɗaya ba, ga zazzaɓi ya shiga. Babu motar da za ta ɗauke shi. Da safiyar Juma'a, da hanya ta ɗan lafa, maza biyu daga masallaci suka sa shi a kurar tura kaya suka bi lungu-lungu da shi zuwa wani ƙaramin asibiti.

Kwana tara ya yi a can. Garin ya buɗe, benskin suka dawo da hon ɗinsu kamar ba a yi komai ba, sai baƙin tabon tayoyi a kan kwalta. Abdulsalami ya kira daga Garoua, inda ya ajiye mota a wani gareji ya jira, ya iso gida ranar Talata. Suhaib kuwa ba a gan shi ba. An tambaya a Bonabéri, ba wanda ya san inda yake.

Da aka sallamo Jibirilla, Baffa ya sa shi a nasa ɗakin, don Jibirilla ya ce ba zai iya komawa wancan ba. Ran nan da la'asar Nuriyya da Goggo suka kai masa kunu. Yana zaune an tokare shi da filo, ya rame, muryarsa can ƙasa. Nuriyya ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ya ba su labari a gutsure. Ba su kai gada ba ranar Litinin. Gudu ya rutsa da su, ya faɗi a bakin kwata, mutane suka bi ta kansa. Suhaib ya goyo shi ya shigo da shi gida da rana tsaka, lokacin kowa ya rufe ƙofa. Ya ajiye masa buta, ya ce zai nemo magani ya dawo yanzu, ya ce kada ya yi motsi ko ya amsa wa kowa, don ana kama duk saurayin da aka gani da rauni. Ya kulle ta waje don a ɗauka babu kowa. Bai dawo ba.

"Da farko tsoro ya hana ni kira," in ji Jibirilla. "Da na so in kira, muryar ta tafi. Hannun ma na kasa ɗagawa in buga. In na ja numfashi kamar ana soka min wuƙa, sai in riƙa ja kaɗan-kaɗan da sauri, kaina ya riƙa juyawa. Sai na ji ana ƙirga." Ya dubi wajen ƙofa, bai ɗaga ido sosai ba. "Allah ya saka miki da alheri, matar Abdulsalami. In kina yi, zafin yakan ragu. In kin daina sai in ɓata."

"Amin. Ni ban san da mutum ba. Kaina nake yi wa."

"Ita ma tsohuwar, ina so in yi mata godiya. Ban gan ta ba tun da na dawo."

"Ga ta nan ai," Baffa ya nuna Goggo.

Jibirilla ya dubi Goggo Asibi da kyau, ya girgiza kai.

"Ba ita ba. Wadda ta zauna da ni a ciki. Gajeriya, da zane uku-uku a kumatu, tana ƙamshin turaren wuta. A kan buhun da ke saitin kaina take zama. Ita ce ta juya min fuska wajen bango, ta ce in bi maƙwabciya. In na fara barci sai ta taɓa min goshi ta ce ba yanzu ba, an kusa farawa."

Goggo tana juya kunu a kofi. Cokalin ya tsaya. Baffa Ɓoɓɓo ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa.

"Zazzaɓi ne," in ji Goggo. "Sha kununka."

A bakin rijiya, da suka fito, Nuriyya ta tambaye ta ko ta san wata mai irin wannan kama.

"Shekarata talatin da ɗaya a gidan nan," in ji Goggo, tana zura guga. "Na wanke gawar mata a kusan kowane ɗaki. Ba na riƙe fuskoki." Ba ta dubi Nuriyya ba, kuma gugar ta daɗe a ƙasa kafin ta jawo ta.

Nuriyya ba ta sake tambaya ba. Ta ci gaba da zamanta na bayan Azahar, don ciwon bai rabu da ita lokaci ɗaya ba. Yakan zo idan taya ta fashe a titi, ko ta ji warin roba na ƙonewa, amma ya daina kayar da ita.

Wani ɗan'uwan Jibirilla ya zo daga Mubi ya tafi da shi gida a tsakiyar watan Maris. Kwana huɗu bayan tafiyarsu, da hantsi, wani mutum ya shigo gidan ba sallama. An aske masa kai ƙwal, wandonsa ɗaure da igiya. Sai da ya tsaya a gaban ɗakin takalma Nuriyya ta gane Suhaib ne. Ya dubi inda ƙarfen ƙofar ya tsage katako, ya dubi ɗakin da aka share aka wanke, babu tabarma, babu buta. Ya zauna a ƙasa a wurin.

"Yaushe aka binne shi?" ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba.

Baffa Ɓoɓɓo ya taso da sauri har yana tuntuɓe.

"Ba a binne kowa ba. Yana Mubi wurin uwarsa. Da ƙafarsa ya hau mota."

Sai da aka faɗa masa sau uku kafin ya yarda. An kama shi ne a ranar Litinin ɗin, bai ko kai kantin magani ba, aka tura shi mota tare da wasu da yawa. Ya ce ya yi ta roƙo, da Hausa da ɗan Faransancin da ya iya, cewa ya kulle mara lafiya a ɗaki, a aika wani ya buɗe. Ba wanda ya saurare shi. Bayan kwana biyar ya daina roƙo, ya fara yi wa abokinsa addu'ar da ake yi wa mamaci. Kwana ashirin da uku ya yi a tsare kafin a sake shi.

Goggo ta kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya tambayi yadda aka yi aka gane, Baffa ya nuna Nuriyya ya ce ita ta ji shi ta bango. Suhaib ya rufe fuskarsa da hannu. Matan gidan suka koma ɗakunansu suka ba shi wuri.

A masallaci ya kwana. Washegari ya bar wa Baffa amanar buhunan takalman, ya hau jirgin ƙasa zuwa arewa, ya ce sai ya ga Jibirilla da idonsa. Daga su biyun babu wanda ya sake dawowa Douala. Bayan Sallah wani ɗan kasuwa ya zo da wasiƙa ya kwashe kayan.

Nuriyya ta haihu a watan Yuli, ana tsakiyar ruwan sama, a hannun Goggo Asibi. Mace ce, aka sa mata Balkisu.